Ƙidayar Kujeru da Ribar Kamfani: Sharhi Daga Ƙasar Auduga

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi a kan wani salon bincike da ya yawaita a jami'o'inmu da kwalejojinmu, watau binciken da ke neman auna yadda tsarin shugabancin kamfani yake shafar ribarsa. Duk wanda ya taɓa duba kundayen ɗalibai na neman digiri ya san fasalinsa. Manazarci zai ɗebo rahotannin shekara-shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas, ya ƙirga kujerun hukumar daraktoci, ya ƙirga waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne a cikinsu, ya ƙirga zaman da suka yi a shekara, sa'an nan ya gwama waɗannan alƙaluma da ribar da aka bayyana. Wani ya ce yawan daraktoci na ƙara riba, wani ya ce yana rage ta, na uku ya ce babu ruwansa da ita. A ganina wannan saɓani ya samo asali ne daga abin da ake aunawa.

Tushen tunanin ba shi da aibu. Tun 1932 Berle da Means suka nuna cewa a manyan kamfanonin Amurka masu dukiya daban, masu juya ta daban. A 1976 Jensen da Meckling suka fayyace hasarar da ke biyo baya idan wakili ya fifita bukatarsa a kan ta wanda ya wakilta shi. Bahaushe bai jira su ba. Maigidan da ya ba yaronsa jari ya tura shi kasuwar Sheme sayen shanu ya san cewa alherin tafiyar ya rataya ne ga abu guda: ranar da yaro ya komo, za a zauna a yi lissafi, kuma maigida yana da ikon karɓe jarinsa. Wannan iko na tuhuma shi ne zuciyar al'amarin, shi ne kuma ƙidayar kujeru ba ta iya kamawa.

Alal misali, a 2006 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin shugabancin bankuna, waɗanda suka raba kujerar shugaban hukuma da ta manajan darakta, suka kuma tanadi kwamitoci iri-iri. Amma a watan Agusta na 2009 Gwamna Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, watau Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Da manazarcinmu ya ɗauki rahotanninsu na shekarun da suka gabata, da ya iske kwamitoci a cike, galibi kuma da riba a rubuce. Ribar da yake ɗauka a matsayin ma'auni, waɗanda ake son a auna ɗin su ne suka rubuta ta.

Sai dai misalin da ya fi kusa da mu yana gonakin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙasar auduga, ko kaɗa kamar yadda mukan ce a ƙasar Katsina. A 1949 Turawan mulki suka kafa hukumar cinikin auduga, a 1954 aikinta ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa, a 1977 kuma aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya mai hedkwata a Funtuwa, maƙwabciyar waɗannan gundumomi. Gaskiya ne ba kamfanin 'yan kasuwa ba ce, amma tana da duk siffofin da masu bincike ke ƙirgawa: shugaba, da membobi, da manaja, da masu binciken kuɗi. Ita ke yanke farashi kafin kaka, wakilanta masu lasisi ke saye a kasuwannin auduga, daga nan a kai gidan gurza.

Wanda ya duba littattafan hukumomin ciniki na shekarun 1950 zai ce sun yi abin yabo, domin sun tara rarar kuɗi mai yawa. To, daga ina rarar ta fito? Daga ratar da ke tsakanin farashin duniya da abin da aka biya manomi a gaban sikeli. An ce za a adana ta ne don tallafa masa a shekarar da farashi ya faɗi, amma mafi yawanta sai ta tafi ga ayyukan gwamnati. Ba na musun cewa an yi ayyukan alheri da wani sashe nata. Abin da nake cewa shi ne, manomin Daudawa wanda guminsa ne jarin hukumar ba shi ya zaɓi membobinta ba, ba ya iya sauke ko ɗaya daga cikinsu, ba a kuma taɓa karanta masa lissafi ba. Da ya rasa bakin magana sai ya amsa da garmarsa. Lokacin da Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa daga tsakiyar shekarun 1970, ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara, manoma da dama suka rage fadin gonar auduga. Noman ya ja baya, tsadar naira ta sa cinikin waje ya daina biya, aka rushe hukumar a 1986. Ribar farko da hasarar ƙarshe duk 'ya'yan tsari ɗaya ne, amma binciken da ya tsaya a kan rahotannin shekara biyar ɗaya kawai zai gani a cikinsu.

Akwai kuma matsalar waɗanda aka bari a waje. A waɗannan ƙananan hukumomi uku, harkar da ke riƙe da jama'a tana hannun dillalan hatsi, da masu sayar da taki, da masu haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, da ƙungiyoyin gama kai. Babu ɗayansu a kasuwar hannun jari. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani, ta kuma ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajabcin naɗa mai binciken kuɗi. Ashe ke nan alƙaluman da salon ya dogara a kansu ba za su samu a nan ba ko kusa. Ga shi kuma tashin hankalin 'yan bindiga ya hana noma a ƙauyuka da dama na yankin, har ya zama wanda ya ga cinikin wani ɗan kasuwa ya faɗi a 2020 ba shi da hujjar ɗora laifin a kan shugabanci kai tsaye.

Na taɓa duba aikin wata ɗalibata da ta je wata ƙungiyar gama kai da takardar tambayoyi irin ta Legas. An cike mata komai: membobin kwamiti tara, zama huɗu a shekara. Na mayar da ita da tambayoyi uku kacal: wa ke riƙe da littafin kuɗi, wa ya taɓa buɗe shi ban da shi, kuma yaushe aka taɓa sauya ma'aji. Ta komo ta ce ma'ajin ƙanen shugaba ne, littafin yana gidansa, kuma tun kafuwar ƙungiyar ba a sake zaɓe ba. Babu gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi a jadawalinta na farko, sai da muka sake zana shi.