Hisabi da Hatimi a Zaurukan Malamai

Ilimin hisabi fanni ne da ke mayar da haruffan Larabci lambobi, ya jera lambobin a cikin hatimi, don neman tsari, waraka ko buɗi.  A ƙauyukan Kunci, kamar sauran karkarar arewacin Kano, a zauren malami ake koyonsa, galibi bayan almajiri ya sauke Alƙur'ani, kuma ba kowane almajiri ake ba ba. Sai wanda ya yi hidima aka yarda da riƙon sirrinsa.

Tushensa abajada. Kowane harafi yana da adadinsa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har a kai 1000. Malaman ƙasar Hausa sun gaji lissafin Magariba, wanda ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida. Sin a wurinsu 300 ne, a Gabas kuwa 60. Shin 1000 ne, a can 300. Saboda haka wanda ya sayi littafi bugun Misira ya ce zai yi aiki da shi ba malami, yana iya fitar da adadin da ba shi ake nufi ba. Da wannan abajadar ce mawaƙan ajami suke sa ramzin shekarar da suka gama waƙa.

Ƙaramin hatimi shi ne musallasi, mai gida tara, wanda ake jingina wa Imamu Gazali. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. A tara a kwance, ko a tsaye, ko a karkace, 15 za a samu. Idan ana son shigar da suna, sai a haɗa adadin haruffansa, a cire 12, a raba uku. Abin da ya fita shi ake sawa a gidan farko, mabuɗi, a riƙa ƙara ɗaya ɗaya ana bin tafiyar gidajen daga mai 1 zuwa mai 9. Sunan Allah 66 ne. An cire 12 saura 54, kashi ɗaya cikin uku 18, sai hatimin ya tashi daga 18 ya tsaya a 26, da 22 a tsakiya, kowane layi ya ba da 66 cif.

Wurin da ake gane gwani shi ne inda adadi ya ƙi rabuwa. Muhammad 92 ne. An cire 12 saura 80, a raba uku a sami 26 da ragowar 2. Ƙa'idar ita ce a tsallake lamba ɗaya a gida na huɗu, a rubuta 30 maimakon 29. Layukan kwance da na tsaye duk za su ba da 92, amma ɗaya daga na karkace zai ba da 93. Wannan ba sakacin marubuci ba ne. Jimillar cikakken musallasi dole ta zama ninki uku na lambar tsakiya, 92 kuwa ba ta rabuwa uku, don haka babu dabarar da za ta cike giɓin. Daga nan ake hawa zuwa murabba'i mai gida 16, wanda layinsa ke ba da 34, da muhammasi mai gida 25 da jimillar 65.

Shahararren masanin fannin daga ƙasar Hausa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine. Ya yi karatu a wurin Muhammadu al-Wali na Bagarmi, ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin Misira. A wajajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjat al-Afaq, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimai masu layuka mara, wato uku, biyar, bakwai zuwa sama. Claudia Zaslavsky ta kawo aikinsa a littafinta Africa Counts na 1973, ta haka masana lissafi da yawa a Turai da Amurka suka ji sunansa. Littafin da ya fi yawo a hannun masu aikin dai shi ne Shamsul Ma'arif, wanda ake dangana wa al-Buni na ƙarni na 13.

Bayan an gama lissafi, hatimi yakan koma kan allo a wanke a sha, ko kan takarda a naɗe a kai wa baduku ya ɗinke shi laya. Manomi, ɗan kasuwa, mai neman aure da mai jinya duk sukan zo nema. Tun da can malamai sun rabu a kansa. Ibn Khaldun ya kusanta ilimin sirrin haruffa da sihiri, kuma tun kafuwar Izala a Jos a 1978 wa'azi ya yi zafi a kan tsibbu da layu. Masu yi kuwa cewa suke sunayen Allah ne da ayoyinsa suke tawassuli da su.

Abubuwa biyu ne suka cakuɗe a wannan fanni. Ɗaya lissafi ne tsantsa, wanda kowa zai iya gwadawa da alƙalami ya ga ya yi daidai ko bai yi ba. Ɗayan da'awar tasiri ce, wadda lissafin ba ya tabbatar da ita. Daidaituwar layuka ba hujja ba ce ta cewa zazzaɓi zai sauka. Ɓoyon da aka yi wa na biyun ya ja an binne na farkon tare da shi. Malamin lissafi a firamaren Kunci yana iya koyar da tarawa da rabawa da musallasi, ya kuma gaya wa yaran cewa wani Bakatsine ya wallafa littafi a kan ƙa'idojinsa kusan shekara 300 da suka wuce.