Lasisin Wa'azi Da Lasifikar Bakin Tasha

Tun da Gwamna Umaru Bago na Neja ya ce, a watan Satumban 2025, sai malami ya kawo huɗubarsa an duba kafin ya hau mumbari, maganar ba ta bar teburan mai shayi na Katuzu ba. Wasunmu har cewa suke, "Ina ma a kawo mana irinta Yobe." Ba mu ga laifinsu ba. Wanda ya ga wutar da ta tashi daga Kanamma a ƙarshen 2003, ya ga inda ta kai mu, dole gabansa ya faɗi in ya ji baƙuwar murya a lasifika.

Sai dai fa mun taɓa shan wannan magani. Tun muna cikin tsohuwar Jihar Borno, kafin a yanke Yobe a 1991, akwai dokar tantance masu wa'azi. Ba ta hana Bulumkutu a 1982 ba. Ba ta hana Muhammad Yusuf tara jama'a a Maiduguri shekara da shekaru ba, har aka kai 2009. To wa takardar za ta kama? Mai uwa a gindin murhu zai samu tasa cikin kwana biyu. Ƙaramin malamin da ya tsaya bakin tasha ya taɓo maganar ciwon ƙodar da ke cin mutanen Gashuwa, ya tambayi ina hukuma take, shi za a ce ba shi da izini. Sarkin Gobir Nafata ma da hana wa'azi ya fara. A Kaduna kuwa, kotu ce ta taka wa irin wannan doka birki a 2019.

Wannan ba wanke masu wa'azinmu ba ne. Sashe na 39 na tsarin mulki ya ba ka baki, amma sashe na 45 ya tuna da haƙƙin maƙwabci. Ɗaure lasifika saitin ɗakin mara lafiya har sha biyun dare cin zali ne, ko aya ake ja. Kafirta mutum da suna a tsakiyar kasuwa kuwa wasa da wuta ne, balle mu da fatauci ya kawo kakanninmu ƙasar Bade, aka ba su masauki.

Wa'azin titi aƙalla a gaban kowa ake yin sa. Dattijo na iya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina hujjarka?" In aka kore shi daga titi, WhatsApp zai koma, ya shiga wayar yaranmu cikin dare, mu muna barci.