Tafin da ya rufe bakin tsoho: sharhi a kan wani silima na Rumaniya

Silimar Andrei Ujica mai suna L'Autobiographie de Nicolae Ceausescu, wadda aka fara nunawa a bikin Kan na ƙasar Faransa a shekarar 2010, awa uku ce cur, kuma babu mai sharhi ko ɗaya a cikinta. Babu rubutun da ke gaya wa mai kallo shekara ko sunan mutum. Ujica da mai haɗa masa hotuna, Dana Bunescu, sun tace sama da awa 1000 na hotunan da ma'aikatan mulkin suka ɗauka da kansu, suka jera su tamkar Nikolai Cawshesku ne ke tuna rayuwarsa, yana zaune gaban kotun sojan da ta yanke masa hukuncin kisa ranar 25 ga Disamba 1989. Da wannan kotu aka buɗe, da ita aka rufe.

Ido yana samun abincinsa: ga Janar Degol a Bukarest a 1968, ga Nikson a 1969, ga keken dokin Sarauniyar Ingila a 1978, ga dubban ƴan Koriya ta Arewa suna zana hotuna da jikinsu domin tarbar baƙo. Amma a ganina kunne ne ya kamata ya bi wannan aiki, domin tarihin mulkin yana cikin sauyin da tafi ya yi.

Tun farko ana nuna jana'izar Georgiu-Dej, wanda ya rasu a watan Maris 1965. Gadon jam'iyya a ɗaki aka raba shi: firaminista Maurer ya goyi bayan Cawshesku mai shekara 47, aka ture Apostol wanda ya girme shi a tafiyar. Jama'a an kira su ne bayan an gama. Duk da haka, tafin da aka yi masa ranar 21 ga Agusta 1968, da ya fito ya la'anci mamayar Cekoslobakiya, tafi ne mai hargitsi, kowa da nasa, irin na mutanen da abu ya taɓa wa zuciya. Shekaru na tafiya, hargitsin na raguwa, har hannuwa dubu suka koma bugu ɗaya.

Wasu masana kimiyya, cikinsu har da Zoltan Neda da Albert-Laszlo Barabasi, sun auna tafi a gidajen wasa na Rumaniya da Hangari, suka buga sakamakon a mujallar Nature a 2000. Abin da suka gano shi ne, taro ba ya iya daidaita tafinsa sai kowa ya rage saurinsa da kusan rabi, kuma in an yi haka jimlar ƙarar tana raguwa. Shi ya sa masu murna ta gaskiya ba su daɗewa a bugu ɗaya. Zumuɗi yana sa su ƙara sauri, tsarin ya watse. Tafin da ya daɗe a daidaice, to, na mutanen da ba su ɗoki ne. Wanda ya taɓa tsayawa cikin layin ƴan lakwal a bakin hanya, rana na dukansa, ana jiran babban baƙo, ya san wannan ba sai an auna masa ba.

Wurin da silimar ta kai ƙololuwa shi ne babban taron jam'iyya na 12, a watan Nuwamba 1979. Wani tsoho mai shekara 84, Konstantin Pirvulesku, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar, ya nemi magana, ya hau mumbari. Ya ce an shirya taron ne domin a sake naɗa mutum ɗaya, ya zargi Cawshesku da fifita kansa a kan jam'iyya, ya ce shi ba zai ba shi ƙuri'arsa ba. Ba a yi masa musu da hujja a nan take ba. Zauren ne ya miƙe tsaye, aka shiga tafi bugu ɗaya ana kiran sunan shugaba, har muryar tsohon ta nutse. Ujica bai yanke ba, ya bar mu cikin ƙarar fiye da yadda za mu so. A nan mai kallo ke fahimtar amfanin irin wannan tafi ga mai mulki: cikin hargitsi mutum na iya ɓoye hannunsa, amma in bugu ɗaya ne, wanda ya tsaya ana ganinsa daga nesa. An kori tsohon daga zauren, aka fitar da shi daga Bukarest. A watan Maris 1989 ya sa hannu a wasiƙar dattawa shida da suka soki shugaban, tare da Apostol ɗin nan da aka ture tun 1965.

Ina da ƙorafi biyu. Na farko, da yawa daga hotunan ba su zo da murya ba, a ɗakin aiki aka saka musu, don haka wani sashe na abin da kunnenmu ke ɗauka shaida hukuncin masu silimar ne. Na biyu ya fi nauyi ga malamin da zai nuna ta a Damagaram ko Tawa. Tun da an zaɓi a ga duniya da idon mai mulki, yunwa da sanyin shekarun 1980, lokacin da aka matse talaka domin biyan bashin waje, ba su bayyana sai ta gefe, a kantunan da aka cika da kaya saboda ziyararsa. Ɗalibin da bai san tarihin ba zai iya fita yana ganin ya kalli gwarzon da aka ci amanarsa. Dole malami ya yi shimfiɗa, ya ambaci sunaye, ya tsayar da hoto a wurin Pirvulesku.

Zai kyautu kuma a haɗa ta da Vidéogrammes d'une révolution, wadda Ujica ya yi da Harun Farocki a 1992. A watan Nuwamba 1989, bayan faɗuwar katangar Balin, taro na 14 ya sake zaɓen Cawshesku ba tare da murya ɗaya ta ƙi ba. Ranar 21 ga Disamba yana jawabi daga bene sai ihu ya tashi daga bayan taron. Ya ɗaga hannu, bakinsa a buɗe, yana neman a yi shiru, mai ɗaukar hoton talabijin kuma ya karkata na'urarsa zuwa sama.