Makaɗan Fada na Mafara, Bakura da Maradun a Ma'aunin Manufofin Raya Sana'o'in Fasaha

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tsokaci ce a kan manufofin da gwamnatocin Nijeriya suka tsara don raya sana'o'in fasaha, tare da auna su da wata ƙaramar ƙasa guda, watau yankin da ya haɗa Talata Mafara da Bakura da Maradun, da garuruwan da ke kewaye da su irin su Garbadu da Faru, a Jihar Zamfara. Dalilin zaɓen wannan yanki kuwa a fili yake. Idan aka lissafa manyan makaɗan fada na ƙarni na 20, za a tarar wannan 'yar ƙasa ta ba da kaso wanda ya fi girmanta nesa ba kusa ba. A nan Ibrahim Gurso ya yi kiɗa a fadar Mafara. A Bakura aka haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya tashi a Maradun tare da wansa Abdu Kurna. A Faru ta ƙasar Maradun aka haifi Sa'idu Faru. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: me ya sa, bayan shekaru kusan 50 ana kafa hukumomi ana zartar da dokoki da sunan al'adu, sana'ar da ta ɗaukaka sunan wannan yanki take ta ja da baya? Ra'ayin takardar shi ne, an ɗinka wa sana'ar riga ba tare da an gwada ta ba.

2.0 Ginshiƙin da sana'ar ta tsayu a kai

Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo a ƙasar Hausa tsari ne na zaman jama'a, mai ƙa'idoji da haƙƙoƙi, binciken Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kan makaɗan fada kuma ya ƙara fito da wannan magana sarari. Makaɗin fada yana da ubangida. Ubangida ne ke ɗauke da cinsa da suturarsa da muhallinsa, ya ba shi gona, ya ba shi doki, ya yi masa hidimar aure da suna. Shi kuwa makaɗi aikinsa ya riƙe tarihin gidan, ya raya nasabar sarki, ya zuga shi ranar hawa, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici.

Abin lura ga mai nazarin adabi shi ne, wannan tsari na ci da sha shi ya haifar da sigar waƙar kanta. Waƙar kotso aikin ƙungiya ce. Akwai jagora, akwai 'yan amshi masu karɓi da ƙari, akwai sanƙira mai kirari, kuma a ƙungiyar Ɗanƙwairo har sarautu ake naɗawa, irin su Daudun Kiɗi da Marafan Kiɗi, kwatankwacin tsarin fada. Irin haɗuwar muryar da ake ji a waƙoƙinsa, inda jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya saki, 'yan amshi su cafe su ƙarasa kamar da baki ɗaya, ba ta samuwa sai mutane sun shekara da shekaru suna kwana suna tashi tare. Wanda ke ciyar da su tsawon waɗannan shekaru shi ya sayi wannan daɗin sauti, ko ya sani ko bai sani ba.

Haka nan zurfin ma'ana. Muhammadu Macciɗo ya zo Talata Mafara yana Sarkin Kudu a shekarun 1950, kuma waƙoƙin da Sa'idu Faru ya yi masa suna cikin mafi nauyin abin da ya bari. Nauyinsu ya samu ne daga sanin ciki da bai na gidan sarautar: wane ne kakan wane, wa ke harin gadon sarauta, wane dabba za a siffanta magauci da shi har 'yan fada su gane ba tare da an kama suna ba. Sa'idu bai kira kansa Malamin Waƙa a banza ba, domin irin wannan sani karatu ne mai cin lokaci. Daɗin daɗawa, waƙar fada ba ta da ranar gamawa. Gindinta na nan daram, amma duk sallah ana iya ƙara mata 'ya'ya gwargwadon abin da ya auku a shekarar.

3.0 Girgizar ginshiƙi

Juyin mulkin Janairu 1966 ya raba Ɗanƙwairo da babban ubangidansa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello. Daga nan aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da baitulmali. Sarki ko hakimin da ya koma ɗan albashi ba zai iya riƙe ƙungiyar makaɗa da iyalansu kamar da ba.

Makaɗan ba su zauna sun naɗe hannu ba. Ɗanƙwairo ya faɗaɗa zagayensa zuwa fadojin Daura da Kano da Zazzau da Tsafe, ya kuma shiga yi wa attajirai da manyan ma'aikata waƙa. Gidajen rediyo, musamman na Kaduna da Rima ta Sakkwato, da faifan garmaho da kaset, suka kai muryoyinsu inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Amma wannan sauyi ya bar tabo a jikin waƙa. Mai sauraro da kunnen basira zai ji cewa a waƙoƙin da ake yi wa wanda aka sani jiya jiya, tubalan yabo sukan maimaitu, kyauta da godiya su rinjayi tarihi da nasaba, zambo kuma ya yi laushi domin babu gadon sarautar da ake takara a kansa. Gwanaye irin Ɗanƙwairo sun rufe wannan giɓi da ƙarfin azanci. Sa'idu Faru ya rasu a 1987, Ɗanƙwairo a 1991, magadansu kuma suka gaji kotso da waƙoƙi, amma ba su gaji tsarin da ya reni iyayensu ba.

4.0 Manufofin gwamnati da inda suka kuskure

A 1975 aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa. A 1977 aka yi bikin FESTAC a Legas, da babban hawan daba a Kaduna. A 1988 aka ƙaddamar da Manufar Al'adu ta Ƙasa, aka kuma zartar da sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda wata ta maye gurbinta a 2023. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin rance ga masu sana'o'in fasaha, wanda ya shafi fim da kiɗa da ɗinkin zamani da fasahar kwamfuta. A 2023 kuma aka ware wa fasaha da al'adu ma'aikata ta musamman a gwamnatin tarayya. Ba za a ce ba a yi komai ba. Sai dai akwai kurakurai uku.

Na farko, an ɗauki al'ada abin nuni. Ana tuna makaɗi ranar da babban baƙo zai sauka ko ranar gasar jihohi, a ɗebe shi a mota, ya buga, a sallame shi. Wannan ya kwaikwayi ranar sallah ta tsohon tsari, ya manta da sauran kwanakin shekara waɗanda ubangida ke ɗauke da su. Ranar sallah kuwa girbi ce, ba a yin ta sai an yi noma.

Na biyu, doka ta ginu a kan mawallafi guda da aiki kammalalle wanda aka adana a takarda ko faifai. Bisa doka, haƙƙin waƙa yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ke nan waƙoƙin Sa'idu Faru suna da kariya har 2057, na Ɗanƙwairo har 2061. Haƙƙin sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 ne, saboda haka na faya-fayen shekarun 1960 ya riga ya faɗi. To, ina matsayin ɗan amshin da ya ƙaga rabin ɗan waƙa? Wace ɗauka ce asali, alhali waƙa guda an rera ta sau da yawa da 'ya'ya daban-daban? Yau waɗannan waƙoƙi sun cika wayoyin hannu da YouTube, masu tura waƙa a kasuwanni na cin abinci da su, kariyar da ke rubuce a doka kuwa sai wanda ke da lauya da takardun shaida ke iya cin moriyarta.

Na uku, rancen banki an yanka shi ne daidai da kamfani mai rajista, mai lissafin shiga da fita, mai abin jingina. Jarin makaɗin kotso ice ne da fata da abin da ke cikin kansa. Abin da ya rasa shi ne masu sauraro da za su biya, da yaran da za su zauna su koya. Rance ba ya maganin ko ɗaya.

Mutanen wannan yanki sun san illar aikin da aka tsaro daga nesa. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gama a 1978, an gina ta da niyyar arzuta manoma, amma rashin shawara da su kan gonaki da diyya ya kai ga tarzomar Afrilu 1980 da asarar rayuka. Manufar al'adu ba ta zubar da jini ba, amma cutar iri ɗaya ce.

5.0 Darasi daga ƙananan tsibirai

Ƙanƙantar ƙasa ba ta hana fasaharta cin kasuwar duniya. Jamaika ba ta kai mutum miliyan 3 ba, amma kiɗan rege ya game duniya, har UNESCO ta sa shi cikin jerin gadon ɗan Adam a 2018. Duk da haka, tsohuwar dokar Ingila ta 1911 ce ta ci gaba da aiki a can har 1993, mawaƙa da yawa na shekarun 1960 da 1970 kuma ladan yini kawai masu ɗakunan ɗaukar sauti suka ba su. Darasin shi ne, suna yana iya tafiya ya bar mai shi da yunwa. Barbados kuwa, mai mutane ƙasa da 300,000, ta zartar da dokar raya sana'o'in al'adu a 2013, wadda ta tanadi rajistar masu sana'a da sassaucin haraji kan kayan aikin da suke shigowa da su. Sassaucin kwastan ba zai amfani mai kotso ba. Abin koyi shi ne rajistar: sun fara da sanin su wane ne masu sana'ar kafin su yanke abin da za a ba su.

6.0 Shawarwari

Wani zai ce, kiɗan fada fadanci ne, ya tafi da zamaninsa, kuma jihar da ke fama da 'yan bindiga tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. A 2021 an rufe kasuwannin mako an kuma katse layukan waya a Zamfara, kuma inda babu kasuwa babu biki, makaɗi ba shi da wurin cin abinci. Amma wannan hujja ce ta hanzartawa, domin tsofaffin 'yan amshi da suka san waƙoƙin da ka suna ƙarewa, kaset kuma yana ruɓewa. Game da fadanci kuwa, waɗannan waƙoƙi su ne taskar Zamfarci da tarihin gidajen sarautar yankin, ko mutum na son sarauta ko ba ya so. Saboda haka ana ba da shawara kamar haka:

(a) Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara, da haɗin gwiwar sassan Hausa na Gusau da Sakkwato da Kano, ta ƙidaya ƙungiyoyin kiɗa da suka rage, gunduma gunduma.

(b) A tattara abin da ke ɗakunan ajiyar gidajen rediyo da hannun jama'a, a juye shi a na'ura, a rubuta wa kowace ɗauka wuri da shekara da sunayen 'yan amshi.

(c) A taimaki magada su kafa ƙungiya mai rajista wadda za ta karɓi haƙƙi da sunan gida, a raba har da iyalan 'yan amshi.

(d) Masarautu da ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin koyo, watau a biya gwani alawus bisa sharaɗin ya riƙe yara su koya na wasu shekaru.

7.0 Kammalawa

An nuna cewa kyawun waƙar fada ta wannan yanki ya tsiro ne daga doguwar zama tsakanin makaɗi da ƙungiyarsa da ubangidansa, kuma manufofin da aka yi tun 1975 sun kula da biki da doka da rance, sun bar wannan zama ba mai ɗauke da shi. Ba a neman a mayar da mulkin En'e. Abin da ake nema shi ne a sami wanda zai ɗauki nauyin da ubangida ya sauke. Mu manazarta ma muna da laifi a ciki: mun sami digirori da ƙarin girma da waƙoƙin waɗannan bayin Allah, ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya koma Faru da Maradun daga cikin wannan amfani. Ina fata mahalarta za su gyara inda na kuskure.