Cinikin Ƙamshi Kafin Hanci Ya Shaida

Da zarar masara ta shiga rumbu a Karaye da Rogo, kuɗin kaka ya zauna a aljihu, sai bukukuwa su kankama, kuma babu akwatin lefen da ake rufewa ba a bar wa turare gurbinsa ba. A da, abin da zai cike gurbin nan sananne ne: humra, turaren wuta, madarar turare da aka auno a Kasuwar Kurmi, sai 'yan kwalaben da uwar ango ta san ƙamshinsu tun tana budurwa. 'Yan shekarun nan wata al'ada ta shigo ta waya. Mai sarin turare za ta ɗora hoton kwalba a WhatsApp, kwalbar da ko Kano ba ta iso ba, wani lokaci ma kamfanin bai sake ta a Dubai ko Faris ba. A ƙasan hoton an jera sunaye hawa uku: a sama lemo da kirfa, a tsakiya fure da dabino, a gindi miski da sandal da oud. Sai ta rubuta, "Hajiya, mai so ta kama wuri, kaɗan ne za su zo." Daga sunayen nan kaɗai ake yanke wa turaren hukunci. Wata ta ce ƙamshin manya ne, wata ta ce zai hau kai, wata ta tura rabin kuɗi.

Jerin nan ba jiya aka ƙirƙiro shi ba. A shekarun 1850 wani mai haɗa turare a Landan, Septimus Piesse, ya jera ƙamshi iri-iri a kan ma'aunin sautin kiɗa, wasu siririya wasu masu kauri. Wanda ya mayar da abin tsarin koyarwa shi ne Jean Carles na garin Grasse a kudancin Faransa, wanda ya rasu a 1966. Shi ya raba kayan haɗi gwargwadon saurin tashinsu a iska. Man ɓawon lemo yana bin iska cikin 'yan mintuna, shi ya sa ake sa shi a sama. Fure da kayan yaji suna ɗaukar sa'o'i, su ne tsakiya. Itace da ƙaro da miski nauyi gare su, suna iya kwana a tufafi, su ne gindi. Tsarin gaskiya ne, kuma duk macen da ta taɓa barin kwalbar humra a buɗe ta san abin da ke fara gudu da abin da ke zama.

Ina ganin abin da ya sa matanmu suka yi saurin amincewa da jerin shi ne sun zo masa da tarbiyyar humra. A wajen mai haɗa humra, wadda galibi ta koyi sana'ar daga hannun matan Barno ko daga wadda ta koya a can, duk sunan da aka ambata abu ne da ake iya riƙewa a tafin hannu. In ta ce farce, farcen ne: murfin bakin wani dodon koɗi na teku, mai kama da ƙumba, wanda za ta jiƙa, ta kankare ragowar naman da ke maƙale a bayansa, ta wanke ta sake wankewa, ta shanya, sannan ta soya shi har ya kumbura ya yi ƙaras, ta daka ta tankaɗe. In ta ce kajiji, saiwar ce da ake gani da ƙasa a jikinta. In ta ce sandal, ga garin a leda. Wadda ta taso a gidan da ake wannan aikin, in ta ga an rubuta "dabino" a ƙarƙashin hoton kwalba, dole ranta ya ba ta cewa dabino aka matse a ciki.

Ba haka abin yake ba, kuma a nan ne al'adar ta fara rauni. Jerin da kamfani ke fitarwa ba lissafin abin da aka zuba ba ne. Lissafin gaskiya sirrin kamfani ne, kuma a jikin kwalin kalma ɗaya tak ake rubutawa a madadin sinadarai masu yawan gaske, sai 'yan waɗanda dokar Turai ta tilasta a bayyana saboda masu ƙaiƙayin fata. Jerin da muke karantawa kirari ne da sashen talla ya yi wa turaren. Kamar kowane kirari, yana da tushe a jikin mai shi, amma an zaɓi abin da zai yi daɗin ji ne.

A duba Baccarat Rouge 540, wanda Francis Kurkdjian ya haɗa, ya shiga kasuwa sosai a 2015, kuma kwalbarsa ta haura dala 300. Jerinsa ya ambaci za'afaran da yasmin da ambar da itacen sida. Wanda ya san za'afaran a shayin Larabawa, ya kuma san ambar a kantin 'yan turare, zai zana wani ƙamshi mai nauyi a ransa. In ya shinshina sai ya ji wani abu dabam: zaƙi kamar na sukarin da ya fara ƙonewa a tukunya, da wani sanyi mai faɗi da ke cika ɗaki. Masana da suka bincika shi sun nuna ƙashin bayansa sinadarai ne na ɗakin gwaji, irin su ambroxan da ethyl maltol da hedione. Ba kasafai ake ganinsu a jerin da ake tallatawa ba, alhali su ne turaren. Wannan ne ma ya sa kamfanonin Daular Larabawa suka iya fitar da masu kama da shi a farashin da ɗan makaranta zai iya saye, har ƙamshin ya cika motocin haya da ɗakunan amare.

Haka Khamrah na kamfanin Lattafa, wanda ya fito a 2022 ya kuma karɓu a arewacin Najeriya. Jerinsa akwai kirfa, gyaɗar ƙamshi, dabino da banila. Sunaye ne na gida, shi ya sa ya shiga ran mutane tun kafin su ji shi. Amma dabino ba ya ba da man da ake tatsa a zuba a turare. Mai haɗawa ne ke harhaɗa sinadarai masu zaƙi har hanci ya tuna da dabino. Ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, gwaninta ce, kuma a kanta turaren zamani ya ginu tun da aka haɗa coumarin a 1868 da vanillin a 1874. Abin da nake ƙi shi ne a bar mai saye da zaton da ba shi ne gaskiya ba.

Oud da miski sun fi kowa shan wannan. Oud na asali ƙaro ne da bishiyar Aquilaria ke yi in ciwo ya kama ta, a dazukan Indiya da kudu maso gabashin Asiya, kuma saran da aka yi mata ya sa yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinta takunkumi tun 1995. Tun da Yves Saint Laurent ya fitar da M7 a 2002, Tom Ford ya biyo da Oud Wood a 2007, sunan ya zama abin da kowane kamfani ke son mannawa a kwalba, kuma mafi yawansu haɗin sinadarai ne. Alhajin da ya taɓa sayen ɗan guntun itacen a Makka ya ɗora a garwashi ya san tazarar da ke tsakani. Miski kuwa tun 1888, lokacin da Albert Baur ya samo na farko a ɗakin gwaji, aka fara rabuwa da na barewa. Yau akwai miski iri-iri, wani kamar sabulun wanki, wani kamar fatar jariri, wani kuma akwai mutanen da hancinsu ba ya jin sa sam. Kalma ɗaya ce a jeri, amma 'yan'uwa biyu za su shinshina kwalba ɗaya, Yaya ta ce ya yi ƙarfi, ƙanwa ta rantse ruwa aka sayar musu.

Ko da a ce duk sunayen gaskiya ne, akwai abin da jeri ba ya faɗa, wato awo. A nan ma mai humra ta riga kowa sani. Ɗanyen farce ƙarni yake yi. Jibda in ta yi yawa ba mai iya zama kusa da ita, in kuwa aka ɗiga kaɗan sai ta ɗaga duk abin da ke tare da ita. Mata biyu za su sayi kaya iri ɗaya a shago ɗaya, humrar ɗaya ta fito a yi ta tambayar wa ya haɗa, ta ɗayar ta tsaya a kwalba ba mai taɓawa. Hannu ne ya bambanta su, da haƙurin barin haɗin ya tsumu makonni a wuri mai duhu. An ruwaito cewa Jean Carles ya rasa jin ƙamshi a ƙarshen rayuwarsa amma ya ci gaba da haɗa turare a takarda. Ya iya hakan ne domin a gabansa akwai nauyin kowane sinadari, da shekarun da ya yi yana haddace su. Mai karanta hoto a waya a Zarewa ko Tudun Kaya ba ta da ko ɗaya cikin biyun.

Sai kuma ƙasar da turaren zai sauka. Wanda aka gwada a ofis mai sanyi a Faris, in ya gamu da zafin Afrilu a Rogo, hawan saman nan da aka fi yi wa ado a talla ba zai kai mai shi bakin titi ba, zaƙin gindin kuma ya taso gaba ɗaya har ya gundure. Da hunturu fata ta bushe, ba ta riƙe ƙamshi sai an shafa mai. Kuma mu ba a kan tufafi fari fat muke fesawa ba. Atamfar ta riga ta kwana a kan kabbasa ta sha hayaƙin turaren wuta, jiki ya sha humra, gashi ya sha nasa. Sabon turaren baƙo ne da zai shiga cikin waɗannan, ko su karɓe shi ko su yi faɗa. Shi ya sa tambayoyin da matanmu suka gada suka fi jerin amfani: yana kama jiki? yana kwana a kaya? in an wanke mayafi ana jin sa? Ba ɗaya cikinsu da ake amsawa kafin kwalba ta iso. Ga maza kuma akwai tambayar ko na mai ne ko mai sinadarin barasa, saboda sallah, abin da malamai suka yi saɓani a kai, kuma hoton talla ba kasafai yake bayyanawa ba.

Akwai wani ɓangare da ya kamata ɗaliban zaure su fi kowa lura da shi. Mazhabar Malikiyya ba ta hana sayen abin da ba a gani ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Karaye kamar ko'ina a ƙasar Hausa, ta halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, ta kuma halatta sayen dilar kaya bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Hikimar ita ce siffar ta zama sananniya, ta yadda in kaya ya zo ya saɓa mata, mai saye yana da abin kamawa. Dilar shadda ana iya cewa turmi kaza ne, launi kaza, a kwance a ƙirga. To wadda ta biya kuɗi saboda ta ga "oud" da "dabino", kwalba ta zo ta ji ba abin da ta zata ba ne, me za ta kama? Mai sayarwa ba ta yi ƙarya ba, abin da kamfani ya rubuta ta kwafo. Siffar ce ba ta ɗaure kowa ba. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin malamai ne, amma Bahaushe ya daɗe da sanya wa irin wannan suna: cinikin biri a sama.

Duk da haka ban ce a watsar da jerin ba. Yana nuna dangin da turare ya fito, ko mai zaƙi ne, ko na fure, ko na itace, kuma wadda banila ke sa wa ciwon kai ta samu gargaɗi. Wanda zai karanta shi da amfani, daga ƙasa ya kamata ya faro, domin gindin ne zai wuni da shi. Sunan wanda ya haɗa turaren ma ya fi sunayen furannin faɗin gaskiya, tunda kowane gwani yana da hannunsa, kamar yadda Kurkdjian ya shahara da ƙamshi mai haske da yaɗuwa. Kuma yana da kyau a tuna cewa turaren da ya fi kowane daɗewa a akwatunanmu, Bintu Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fitar a 1920 kuma ake ɗura shi a Kano, bai shiga gidajenmu ta hanyar jeri ba. Kaka ta shafa, jika ta ji a zanenta, masu humra suka gwada suka ga yana zama lafiya da farce da sandal.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu masu humra da turaren wuta suka fara kwaikwayon salon, suna manna wa kwalabensu takarda mai hawa uku da sunayen furannin da ba su taɓa shiga turminsu ba, suna jin kunyar rubuta farce da kajiji. Su ne kaɗai a kasuwar nan da jerinsu yake daidai da abin da ke cikin kwalba, kuma shi suke neman yarwa. A ɗaya gefen kuma wasu masu sarin sun gano hanya mai kyau: su sayo kwalba ɗaya ta sabon turare, su tsiyaye a 'yan kwalabe masu mililita 5 ko 10, mai so ta saya ta fesa a gefen mayafin da ya sha hayaƙi, ta yi girki da shi, ta kwana, da safe ta shinshina. In ya yi mata, sai a yi maganar babbar kwalba, a kuma sa ta a lissafin lefe.