Jinjina ga Masu Tufatar da Dandamali

Kafin ɗan wasan kwaikwayo ya buɗe baki, kayan jikinsa sun riga sun faɗa wa 'yan kallo ko sarki ne ko bawa, da kuma zamanin da yake ciki. Wannan aikin masu tsara sutura da fasalin dandamali ne, waɗanda ake tafa wa aikinsu ba a san fuskarsu ba.

A wasan ƙundumbala da tsalle-tsalle aikin ya fi wuya. Rigar mai lilo a sama dole ta riƙa miƙewa tare da jikinsa, ta jure gumi da yawan wanki, kuma kada wani maɓalli ko zare ya maƙale a igiya, domin ƙaramin kuskure yana iya jawo asarar rai. Don haka mai zanen yakan zauna da tela da marini da mai kula da fitilu, ya kalli atisaye, ya yi ta gyara.

Eiko Ishioka, 'yar Japan da aka haifa a Tokyo a 1938, ta kai wannan sana'a ƙololuwa. Ta tsara dandamali da suturar wasan M. Butterfly a birnin New York a 1988, ta ci kyautar Oscar da kayan fim ɗin Dracula na 1992. Ita ce ta zana kayan wasan Varekai na kamfanin Cirque du Soleil na Kanada a 2002, da na bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Ta rasu a 2012.

Mai karatu, duk ranar da wasa ya burge ka, nemi sunan wanda ya tufatar da shi, ka yaba masa. Ya cancanta.