Dodon da Ba Ya Cikin Kundi

Akwai ƙorafin da na sha ji daga bakin malaman makaranta, tun daga Yendi har Bawku: wai Pokémon ya raba yaranmu da tatsuniya, ya kuma koya musu shara ƙarya. Hujjarsu ita ce yaro zai dage ya rantse wa abokinsa cewa akwai wata halitta a cikin wasan da kamfani bai taɓa sanar da ita ba, wai yayan wani ɗan unguwarsu ya taɓa kama ta. A ɗaya gefen kuma ga samarin da suka haddace wasan, masu ɗaga hanci suna cewa duk abin da ba shi da lamba a kundin Pokédex tarkace ne, kuskuren masu rubuta manhaja. Ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. A ganina halittun nan marasa suna da marasa izini su ne suka fi komai rai a cikin Pokémon, kuma su ne suka fi kusa da abin da kakanninmu ke ba mu da dare a tsakar gida.

Tarihin sananne ne. Satoshi Tajiri ya tashi yana farautar ƙwari a gefen birnin Tokyo, ya girma ya kafa Game Freak, wasan farko ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairu 1996 a kan Game Boy. An ce wa mai wasa halittu 150 ne, ya tafi ya cika kundi. Yau sun haura 1,000. Amma tun ranar farko lissafin bai cika gaskiya ba, domin dab da gama aiki Shigeki Morimoto ya cusa ta 151, wato Mew, a ɗan gurbin da ya rage cikin kaset, ba tare da an shirya wata hanyar kama ta ba. Da raɗe-raɗinta ya bazu, mujallar CoroCoro ta ce za ta ba mutum 20, sai ga wasiƙu kusan 78,000. Kasuwar wasan, wadda ta fara da sanyin jiki, daga nan ta buɗe.

Dabarar da nake ƙauna ita ce nuna abu a hana shi suna, kuma babu inda aka yi ta da gwaninta kamar kashi na farko na katun ɗin Pokémon, wanda aka haska ranar 1 ga Afrilu 1997. A duba yadda aka gina shi. Tun da yaron labarin, Ash, ya bar gida ake koya wa mai kallo cewa jan akwatin da ke aljihunsa, wato Pokédex, ya san komai. Ya nuna shi ga Pidgey, ya faɗi suna da hali. Rattata ta yi masa sata a jaka, akwatin ya yi bayani har da gugar zana. Ya jefi Spearow da dutse, nan ma aka gaya masa abin da ya tsokano. Mai kallo ya riga ya saki jiki: duniyar nan a ƙirge take. Sai garken Spearow suka bi su, hadari ya haɗu, yaron ya tsaya ya kare dabbarsa Pikachu da jikinsa, tsawa ta faɗi. Ruwa ya ɗauke, su biyun suna kwance a galabaice a ƙasa, sai wani ƙaton tsuntsu mai launin zinariya ya gifta ta wajen bakan gizo. Ash ya tambaya, akwatin ya ce ba shi da bayani, akwai halittun da har yanzu ba a gano ba.

Ba a kai minti ɗaya ana nuna shi ba. Bai sauko ba, bai yi faɗa ba, bai ko waiwayo yaron ba. Kuma lokacin da aka zaɓa shi ne gwanintar: da an nuna shi a farkon kashin, da tsuntsu ne kawai cikin tsuntsaye, sai da aka gina wa akwatin mutunci tukuna aka sa shi ya yi shiru, a daidai sa'ar da yaro da dabbarsa suka fara yarda da juna. A kashi na biyu Ash ya gaya wa Farfesa Oak abin da ya gani, masanin ya ƙi gaskata shi. Ga yaro mai gaskiya, ga babba mai ilimi yana ƙaryata shi, ga miliyoyin yara masu kallo sun zama shaidu. Sai a Nuwamba 1999, da wasannin Gold da Silver suka fito, aka iya kama tsuntsun da sunan Ho-Oh, mai lamba 250, da jan gashi a jikinsa. Ni dai na zinariyar nan da ba shi da lamba ya fi min.

An maimaita dabarar a kashi na 13, inda wani mai bincike, Bill, ke zaune a hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, yana jiran wata halitta da yake jin kukanta daga teku. Ta zo cikin hazo, tsayinta ya yi daidai da hasumiyar, miyagun katun ɗin, 'yan Team Rocket, suka buɗe mata wuta, ta juya ta koma ruwa. Masu sharhi sun gama yanke hukunci cewa Dragonite ce mai girman da ya wuce misali, su ke nan an rufe magana. Siffar ta yi kama, ba musu, amma katun ɗin da gangan ya bar ta inuwa, kuma wanda ya tsaya kan gano sunanta ya rasa abin da kashin ke faɗi game da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sauraron abin da ba zai mallaka ba. A cikin wasan ma haka ne: a hasumiyar kaburbura ta Lavender fatalwa ce kawai ke bayyana, halittunka su kasa motsi don tsoro, sai ka samo na'urar Silph Scope kafin ka gane cewa uwa ce, Marowak, da aka kashe. Ko bayan ka gane ta, ƙwallonka ba ya kama ta.

Wanda ya tashi a zango ya san wannan salo tun kafin ya ga talabijin. Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano su bi ta Yendi su sauka Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, ba kaya kaɗai suka sauke ba, har da Gizo da Ƙoƙi da Dodo. A nan Ghana ne Malam Shaihu ya rubuta wa wani Bature, Rattray, tatsuniyoyi da ajami, aka buga su a 1913. To wa zai iya faɗin kamannin Dodo? A wata tatsuniyar yana cikin kogi ya hana ɗiban ruwa, a wata ya rikiɗe ya zama kyakkyawan saurayi ya auri yarinya mai ruwan ido, a wata ya haɗiye gari da shanunsa, a wata karnuka ne ke gamawa da shi, a wata Auta ya jefa masa duwatsu masu zafi a baki. Gizo muna da hoton halinsa tsaf. Dodo kuwa mai ba da labari ba ta taɓa zana shi, muryarta kawai take kaurarawa, kowane yaro ya ƙera nasa a cikin duhu. Shi ya sa har gobe yake ba da tsoro.

Sai MissingNo., wanda samarin da na ambata ke kira kuskure. Kuskure ne, amma a ji yadda yake. Kaset ɗin kamar gidan haya ne mai ɗaki 190, an zuba 'yan haya a 151, saura 39 babu kowa amma ƙofofinsu na nan. Idan ka bar wani dattijo a garin Viridian ya nuna maka yadda ake kamu, wasan yana ɗauke sunanka na ɗan lokaci ya ajiye a wurin da yake rubuta jerin halittun daji. Ka tashi kai tsaye zuwa tsibirin Cinnabar ka bi gaɓar gabas a kan ruwa, wurin da aka manta ba a ba shi jerin kansa ba, sai wasan ya karanta haruffan sunanka a matsayin lambobin ɗakuna, ya je ya ƙwanƙwasa inda ba kowa. Abin da ke fitowa wani tsibin ɗige-ɗige ne mai kusurwa, ba ido ba baki. Ya ƙara 128 a kan kaya na shida da ke jakarka, ya kuma dagula hotunan zauren zakaru. Mujallar Nintendo Power ta gargaɗi yara a kansa a 1999, gargaɗin ya zama talla. Halitta ce da ake kira ta hanyar bin sharuɗɗa a jere, a wani keɓaɓɓen bakin ruwa, tana ba da dukiya tana kuma ɓata wani abu naka, kuma daga sunanka take fitowa. Babu marubucin da ya tsara haka, amma duk wanda ya saba jin labarin masu neman arziki wurin mutanen ɓoye zai gane zubin nan take.

Daga nan yara suka karɓi aikin. Akwai wata akori-kura da aka zana cikin wasan a gefen tashar jirgin S.S. Anne, wadda ba a isa wurinta sai da dabara. Suka ce Mew na ƙarƙashinta. Babu komai a can, amma labarin ya zaga duniya baki da baki. Sun hango wani shuɗin ɓera a hotunan da suka fito daga Japan a 1998, suka raɗa masa Pikablu, suka ba shi tarihi, kafin a sanar da su cewa Marill ne. 'Yan kasuwar jabu ma sun taimaka: sun ɗauki wani wasa daban, Telefang na shekarar 2000, wanda ake kiran dodanninsa ta lambar waya, suka liƙa masa suna Pokémon Diamond da Jade. Na taɓa tsayawa kan wasu yara a wata rumfar cajin waya, sun haɗa kai a kan allo ɗaya mai tsagewa, ana buga irin waɗannan tsofaffin wasanni da wani ya sassauya. Wata halitta ta fito da ba wanda ya sani. Mai riƙe da wayar bai ce uffan ba, sai ƙaramin cikinsu ya fara bayani: ai wannan da dare kawai take fitowa, kuma idan ka kama ta wayarka za ta mutu. Sauran suka matso. Malam, wannan yaron ba maƙaryaci ba ne, mai tatsuniya ne, kuma abokansa sun san bambancin kamar yadda muka sani lokacin da Iya ke kaurara murya.

Abin da ke barazana ga wannan al'ada shi ne saurin intanet, inda ake kwance sabon wasa a fallasa duk abin da ke cikinsa tun kafin ya shiga kasuwa. Kamfanin ya san abin da ya rasa. A Satumba 2018 ya saki wata 'yar halitta mai kan noti a Pokémon GO ba suna ba sanarwa, wanda ya kama ta sai ta rikiɗe ta zama wata halitta daban, Ditto. Kwana uku kacal suka iya daurewa kafin su ce sunanta Meltan. Ho-Oh kuwa ya yi shekara biyu da rabi kafin a iya kama shi.

Nan ne nake da magana da matasanmu masu haɗa katun na Hausa a kwamfuta, a Kano ko Kumasi ko Tamale. Kusan duk wanda ya ɗauko tatsuniya sai ya fito da Dodo tun a minti na farko, da ƙaho da jajayen idanu, a tsakiyar allo da rana tsaka, yara su kalle shi su yi dariya. Darasin da ya kamata su ɗauka daga Japanawa ba yawan halittu ba ne. Su nuna ruwan kogi yana motsi, su nuna sawu ɗaya a bakin rijiya, su sa tsohuwar da ta san sunan kowane tsiro a daji a tambaye ta wannan sawun na mene ne ta ce ba ta sani ba. In ma dole sai an gan shi, to a kashi na goma, daga baya, rabinsa cikin hazon hunturu, kuma kada wanda ya gan shi a kashi na sha ɗaya ya ba da siffa iri ɗaya da ta wanda ya gan shi a na goma.